Yadda za ka cika sharaɗin bayokemistiri kafin neman makarantar likita, haƙori ko magunguna a Amurka

A Najeriya yaro yana gama sakandare zai zana JAMB da Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks. In Allah ya ba shi gurbi ya shiga MBBS na shekara shida, bayokemistiri ya same shi a aji biyu da aji uku, tare da anatomi da fiziyoloji. Babu mai tambayarsa ko ya taɓa yin darasin kafin ya shigo. A Amurka ba haka tsarin yake ba. Sai ka gama digirin farko na shekara huɗu tukun, a kowane fanni, ko tarihi ko injiniya, sannan ka nemi makarantar likita ta wata shekara huɗun. Tunda masu neman gurbi daga fannoni daban-daban suke fitowa, kowace makaranta tana da jerin darussan da take so ta gani a takardar sakamakonka kafin ta buɗe maka ƙofa. Bayokemistiri na cikin waɗanda suka fi kayar da mutane, musamman wanda ya yi digirinsa a gida ya tafi can, ko ɗan da aka haifa a can wanda iyayensa ba su san tsarin ba.

Ganin kalmar a takardarka bai isa ba. Makarantar za ta duba inda ka yi kwas ɗin, da matakinsa, da yawan awanninsa, da makin da ka ci, da shekarar da ka yi shi. Ko ɗaya ya kauce, to kamar ba ka yi ba.

Mataki na farko: tabbatar da cewa wannan hanyar taka ce

Wanda ya riga ya gama MBBS a gida ba ruwansa da wannan magana. Hanyarsa ita ce takardar shaidar ECFMG da jarrabawar USMLE, daga nan neman gurbin horon ƙwarewa a asibiti. Likitan haƙori mai BDS yana nema ta CAAPID, inda ake ɗaukarsa a tsakiyar karatu. Mai digirin harhaɗa magunguna yana bi ta FPGEC. Wannan jagora ta wanda zai fara karatun ne daga tushe: mai digirin maikirobayoloji ko kemistiri ko bayokemistirin kansa, ko ɗalibin da yake tsakiyar digirin farko a wata jami'ar Amurka ko Kanada.

Sai ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, domin kowane fanni da cibiyar karɓar takardunsa. Digirin likita iri biyu ne a Amurka, MD da DO: makarantun da ke ba da MD suna amfani da AMCAS, masu ba da DO kuma AACOMAS. Haƙori AADSAS, mataimakin likita da ake kira PA kuma CASPA, magunguna PharmCAS, likitan dabbobi VMCAS, likitan ido OptomCAS. Makarantun gwamnatin jihar Texas suna da tasu daban, TMDSAS. Waɗannan cibiyoyi tattara takardu kawai suke yi su lissafa maki. Hukuncin ko kwas ɗinka ya cika sharaɗi na makaranta ne, kowace da nata.

Mataki na biyu: jera makarantu, ka karanta sharaɗin kowacce da idonka

Buɗe takarda ko Excel, ka rubuta sunayen makarantun da kake hange, ka shiga shafin kowacce na karɓar ɗalibai. Ga masu neman MD, ƙungiyar makarantun likita ta Amurka, AAMC, tana da rumbun bayanai mai suna MSAR da ke tara sharuɗɗan wuri guda, amma shafin makarantar shi ne abin dogaro, domin ana sauya dokoki daga shekara zuwa shekara.

Za ka tarar da su kashi uku. Akwai masu cewa dole ne. Harvard, alal misali, tana neman shekara biyu ta kemistiri wadda ta haɗa da bayokemistiri, Johns Hopkins kuma tana neman awa uku ta zango, wato kwas mai kiredit uku, ba tare da tilasta aikin ɗakin gwaji ba. Akwai masu cewa ana so, amma ba dole ba. Akwai kuma irin su Stanford da suka daina lissafa darussa, suka ce kai dai ka nuna kana da ilimin. Shawarata ita ce ka ɗauki kashi na biyu da na uku tamkar na farko. Waɗanda kake gogayya da su kusan duk sun yi kwas ɗin, kuma MCAT, jarrabawar shiga makarantar likita, ba ta san wani abu wai "ana so" ba. Makarantun likitan dabbobi kusan duka suna tilasta shi, na haƙori da yawa haka, shirye-shiryen PA kuma sun rabu: wasu su ce bayokemistiri, wasu su ce ko shi ko kemistirin oganik.

A gaban sunan kowace makaranta ka cike waɗannan.

Matakin kwas. A jami'o'in Amurka kwas mai lamba 100 ko 200 na ƙananan azuzuwa ne, mai 300 ko 400 na manya. Makarantu da dama suna rubuta cewa bayokemistirin ya zama na manyan azuzuwa, wato wanda ba a shigarsa sai an ci kemistirin oganik. A nan ne tarko mafi girma yake. Akwai wani kwas da ake koya wa ɗaliban jinya da na abinci mai gina jiki, mai suna General, Organic and Biochemistry, wanda ya cusa darussa uku cikin zango ɗaya ko biyu. Yana da sauƙin samu, yana da araha, kalmar kuma tana cikin sunansa, amma makarantun likita da haƙori ba sa karɓarsa. Ka yi hattara kuma da kwas ɗin da sashen abinci ko sashen motsa jiki ko na kiwon dabbobi ke bayarwa. Mafi aminci shi ne wanda sashen kemistiri ko bayoloji ko bayokemistiri ya koyar wa ɗaliban kimiyya.

Awanni. Yawancin masu tilastawa awa uku ta zango suke nema, wasu huɗu. Amma jami'o'i ba tsarinsu ɗaya ba. Wasu suna raba shekara zango biyu, wasu kuma, irin su Jami'ar Washington da mafi yawan rassan Jami'ar Kalifoniya, suna bin tsarin kwata, mai mako goma-goma. Awa ɗaya ta zango daidai take da awa ɗaya da rabi ta kwata. Saboda haka awa uku ta zango tana buƙatar 4.5 ta kwata. Wanda ya yi kwas mai awa 4 ta kwata, in aka juya, 2.67 gare shi, bai kai ba. Mai awa 5 ta kwata yana da 3.33, ya haye. Wasu makarantu suna kau da kai ga wannan ɗan giɓi, wasu ba sa yi, kuma ba ka sani sai ka tambaya.

Ɗakin gwaji. Galibi ba a tilasta shi ga bayokemistiri, saɓanin kemistirin gama-gari da oganik da fiziks. Duk da haka ka duba, domin akwai ƙalilan da ke nema.

Maki. Ƙa'idar da ta fi yawa ita ce C ko sama, kuma a wurare da yawa C mai alamar ragi ba ta shiga. Kwas ɗin da aka yi bisa tsarin "ya ci ko ya faɗi" ba tare da harafi ba, an yi masa sassauci a zangon bazarar 2020 saboda korona, amma kada ka ɗauka sassaucin ya shafi kwas ɗin da za ka yi yau.

Tsufan kwas. Makarantun MD da yawa ba su sa iyaka a rubuce ba, sai dai suna son ganin karatun kimiyya na kwanan nan. Shirye-shiryen PA su ne masu tsauri: da yawansu ba sa karɓar kwas da ya wuce shekara biyar ko bakwai ko goma. Mai digirin da ya yi hidimar ƙasa, ya yi aiki na wasu shekaru, sannan ya tafi, ya lissafa wannan da kyau.

Musanya. Wasu makarantu suna yarda bayokemistiri ya maye gurbin kashi na biyu na oganik. Wannan ragi ne na zango guda, amma fa sai in duk makarantun da ke jerinka sun yarda. In uku daga ciki suna son oganik na shekara cikakkiya, to ko ka yi shi ko ka cire su daga jerin.

Mataki na uku: in a gida ka yi digirinka

Nan ne maganar ta fi ɗaci. Mutum ya shekara huɗu a sashen bayokemistiri na Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi enzayim da metabolizim har ya rubuta furojet, sai a ce masa ya koma ya yi kwas na zango guda da 'yan aji uku. Ba ilimin ake raina ba. Tsarin ne bai da hanyar tantance shi. AMCAS ba ta karɓar takardar sakamako daga jami'o'in waje, ban da Kanada da wasu 'yan keɓantattu, kuma ba ta sa makinsu a lissafinta. Mafi yawan makarantun MD suna son a yi darussan sharaɗi a jami'ar Amurka ko Kanada da aka amince da ita, wasu su nemi aƙalla shekara guda ta karatu a can, wasu fiye. Makarantun Texas suna neman awa 90 ta zango daga jami'ar Amurka ko Kanada, wato kusan shekara uku. In MD kake nufi, ka sa a ranka tun yanzu cewa za ka sake yin bayokemistiri, kuma ba shi kaɗai ba.

A sauran fannonin da ɗan sauƙi. AACOMAS da AADSAS da CASPA da PharmCAS suna karɓar rahoton kamfanonin tantance takardun waje, irin su WES da ECE. Ka nemi tantancewa ta kwas bayan kwas, ba wadda za ta ce kawai digirinka daidai yake da na Amurka ba. Kafin ka biya kuɗi ka duba kamfanin da cibiyarka da makarantunka suka amince da shi. Jami'arka ce za ta aika takardar kai tsaye, ba kai ba, kuma kowa ya san yadda fitar da takardar sakamako ke cin lokaci a gida. Ka fara bin ta watanni da yawa kafin a buɗe neman gurbi, ka kuma sami wani amintacce da zai riƙa leƙa ofishin.

Idan rahoton ya fito, ka duba abu biyu. Na farko awanni: kwas mai yunit biyu a gida ba zai zama awa uku a can ba. BCH 201 da BCH 202 in aka haɗa su suna iya cikawa, amma makaranta ce za ta ce ta yarda a haɗa. Na biyu mataki: WES tana sa alama a gaban kowane kwas, na ƙananan azuzuwa ne ko na manya. Ɗalibin maikirobayoloji da ya yi bayokemistiri a aji biyu kaɗai zai iya ganin an sa masa alamar ƙarami, alhali makarantar babba take nema. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi masu bin tsarin LMD suna da ƙarin aiki: fassara takardu zuwa Turanci, sannan lasans ta shekara uku ce mai kiredit 180, kuma wajen juyawa galibi ana raba kiredit biyu, kwas mai huɗu ya koma kamar biyu. Ba kowace makaranta ke ɗaukar digirin shekara uku daidai da na huɗu ba.

Kuma ko cibiya ta karɓi rahoton, wannan bai nufin makaranta ta karɓi kwas ɗin a matsayin cika sharaɗi. Shirye-shiryen PA da yawa suna amincewa da digirin waje amma su ce darussan sharaɗi sai a Amurka.

Wata magana da ba ta shafi kemistiri ba amma ta fi shi nauyi: in ba ka da takardar zama ɗan ƙasa ko katin zama na dindindin, makarantun MD da ke duba takardun baƙi 'yan kaɗan ne, ba ka da damar rancen karatu na gwamnatin tarayya, wasu makarantun ma sai ka ajiye kuɗin shekara ɗaya ko fiye kafin ka fara. Ka tace jerinka da wannan tun kafin ka kashe ko dala ɗaya a kan kwas.

Mataki na huɗu: zaɓi inda za ka yi kwas ɗin

Ɗalibin da yake cikin jami'a ya yi shi a jami'arsa, magana ta ƙare. Gudu zuwa wata makaranta mai sauƙi lokacin hutun bazara don kauce wa malami mai tsanani abu ne da masu tantancewa ke ganewa a takarda.

Wanda ya riga ya gama digiri yana da hanyoyi. Zai iya yin rajista a jami'ar gwamnati ta jiharsa a matsayin ɗalibin da ba digiri yake nema ba, ya ɗauki kwas ɗaya ko biyu. Wannan ya fi araha kuma kowa na karɓa, matsalarsa kawai ita ce 'yan gida ake fara ba wa kujera. Zai iya shiga shirin da ake kira post-bacc, wanda aka tsara domin masu son cike darussan sharaɗi, mai mashawarci da wasiƙar shaida ta kwamiti, amma da tsada. Ga wanda ya zo da digirin waje kuma yake buƙatar shekara ɗaya ko biyu ta karatu a Amurka, wannan ne ya fi dacewa. Kwalejojin al'umma na shekara biyu suna da araha ƙwarai, kuma suna da amfani ga kemistirin gama-gari da fiziks, sai dai galibi ba sa koyar da darussan aji uku da huɗu, don haka bayokemistirinsu, in ma akwai, na ƙaramin mataki ne.

Sai karatu ta intanet. Jami'ar New England da sashen karatun manya na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley da San Diego da na Harvard duk suna da kwas ɗin bayokemistiri mai kiredit da takardar sakamako ta gaske. Wannan yana jan hankalin wanda yake Kano ko Abuja, domin zai sami takardar jami'ar Amurka bai bar gida ba. Hanya ce mai kyau in makarantun jerinka sun yarda, kuma tun bayan korona masu yarda sun ƙaru, amma har yanzu akwai masu ƙi. Ka tabbata jami'ar tana da amincewar ɗaya daga cikin hukumomin tantance jami'o'i na yankuna, irin su Middle States ko Higher Learning Commission. Satifiket ɗin Coursera ko edX yana da amfani wajen share fage, amma ba kiredit ba ne. Mai bizar ɗalibi ta F-1 kuma ya sani cewa kwas ɗaya kaɗai na intanet, ko awa uku, ake lissafa masa cikin nauyin karatun da doka ta ɗora masa a kowane zango.

Kafin ka yi rajista ka nemi manhajar kwas ɗin ka karanta. Wasu jami'o'i suna da bayokemistiri iri biyu: na zango ɗaya da ya taɓa komai, da na zango biyu na 'yan sashen. A na biyun, kashin farko sau da yawa yana tsayawa a kan furotin da enzayim, metabolizim sai a kashi na biyu. Wanda ya yi kashin farko kaɗai ya sami awa uku a takarda, amma bai ga gilaikolisis ba, bai ga zagayen Krebs ba. Akwai makarantun da ke rubuta ƙarara cewa kwas ɗin ya ƙunshi metabolizim, MCAT kuwa tabbas za ta tambaya. Ko dai ka yi na zango ɗaya cikakke, ko ka yi kashi biyun duka.

Mataki na biyar: tsara lokaci

Darussan kemistiri sarƙa ce: na gama-gari kashi ɗaya da biyu, oganik kashi ɗaya, a jami'o'i da yawa har na biyu, sannan bayokemistiri. Wato zango huɗu ko biyar a jere, kuma ba a tsallake. Ɗalibin da yake son shiga makarantar likita da zarar ya gama digiri dole ya fara kemistiri a zangonsa na farko, ya kai bayokemistiri a farkon aji uku, ya zana MCAT a bazarar ƙarshen aji ukun. AMCAS tana buɗewa a watan Mayu, ana fara miƙa takardu a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, karatu kuma sai a Yuli ko Agustan shekara mai zuwa. Makarantu da yawa suna cike kujeru ne yayin da takardu ke shigowa, don haka wanda ya miƙa a Yuni ya fi wanda ya miƙa a Satumba dama, ko da makinsu ɗaya.

A ƙa'ida yawancin makarantun likita da haƙori suna barinka ka nemi gurbi kana bin su bashin kwas, muddin za ka gama kafin ranar fara karatu. Shirye-shiryen PA sukan iyakance bashin zuwa kwas ɗaya ko biyu, wasu ma ba sa yarda ko kaɗan. Amma ga mai zana MCAT, jinkirta bayokemistiri kuskure ne. Tun da aka sauya jarrabawar a Afrilun 2015, tana da sassa huɗu, kuma a biyu daga ciki, na kemistiri da fiziks da na bayoloji, kashi 25 cikin ɗari na tambayoyi daga bayokemistirin zangon farko suke. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan biyun yana da tambaya 59, ka ga kusan tambaya 30 ke nan. Ana ba kowane sashe maki daga 118 zuwa 132, jimilla daga 472 zuwa 528. Ba a zana ta fiye da sau uku a shekara ɗaya, ko sau bakwai a rayuwa, kuma makarantu suna ganin duk sakamakon da aka fitar maka. Jarrabawar haƙori ta DAT ba ta da sashen bayokemistiri na kansa, don haka mai neman haƙori yana da ɗan sarari. PCAT ta masu magunguna kuwa an daina ta a Janairun 2024.

Game da yin kwas ɗin cikin mako shida ko takwas na bazara: mai digirin bayokemistiri da maimaici kawai yake yi zai iya. Wanda bai taɓa gani ba, kuma yana aiki, gara ya bi zango cikakke.

Mataki na shida: ka ci shi da maki mai kyau

Wanda ya saba da haddar handawut a daren jarrabawa zai sha mamaki. A can maki a warwatse yake tsakanin gwaje-gwaje biyu ko uku na tsakiyar zango da aikin gida da jarrabawar ƙarshe, tambayoyin kuma na fassara jadawali da sakamakon gwaji ne.

Abu ɗaya ne hadda ta zama dole a kansa, kuma ka gama da shi kafin a shiga aji: amino asid ashirin, da surarsu, da sunayensu na harafi uku da na harafi ɗaya, da wanda ke son ruwa da wanda ke gudunsa, da mai caji da marar caji. Misalin da zai zaunar maka da wannan yana cikin gidajenmu. Cutar sikila sauyin amino asid ɗaya ce tak: a wuri na shida na sarƙar beta ta himogulobin, balin ya maye gurbin gulutamik asid. A takardar jarrabawa E6V kawai za ka gani. Gulutamik asid yana da caji, yana zaune lafiya da ruwa. Balin ba ya son ruwa, don haka idan iskar oksijin ta yi ƙasa sai ƙwayoyin himogulobin su manne da juna su yi dogayen zaruruwa, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Wanda ya fahimci wannan ya kama rabin babin furotin.

A babin enzayim, ka iya lissafin Michaelis da Menten, ka san ma'anar Km da Vmax, ka iya karanta jadawalin Lineweaver da Burk. Mai hanawa da ke gogayya a kan gurbi ɗaya da sinadarin da enzayim ke aiki a kansa yana ɗaga Km ya bar Vmax yadda yake. Wanda ba ya gogayya yana rage Vmax ya bar Km. Na ukun, mai kama enzayim bayan ya riƙe sinadarin, yana rage duka biyun. Wannan tambaya ba ta fashi.

Metabolizim ne ke firgita mutane, saboda suna ƙoƙarin haddace matakai goma na gilaikolisis kamar karatun allo. Ka fara da tambayoyi huɗu a kan kowace hanya: me ya shiga, me ya fita, a wane sashe na ƙwayar halitta, kuma wane enzayim ne mai riƙe da linzami. A gilaikolisis gulukos ɗaya ya shiga, fairubet biyu da ribar ATP biyu da NADH biyu suka fita, mai linzami kuma PFK-1. Sannan ka ɗaura hanyoyin a kan ranar azumi. Bayan sahur insulin ya tashi, hanta tana tara gilaikojin. Da rana ta yi gulukagon ya karɓi ragama, hanta tana fasa abin da ta tara ta saki sukari cikin jini, kitse kuma ya fara narkewa. Tsoka tana da nata gilaikojin amma ba ta iya ba jini, domin ba ta da enzayim ɗin da ke cire fosfet daga gulukos. In yunwa ta zarce yini guda, ajiyar hanta ta ƙare, sai ƙera sabon sukari daga amino asid da giliserol, sannan kiton. Haka ma hanyar fentos fosfet: ƙarancin G6PD, wanda ya yawaita a yankinmu, yana hana ƙwayar jini samun NADPH da take kare kanta da shi, shi ya sa maganin firimakwin ko ƙwayar naftalin da ake sawa cikin akwatin tufafi ke iya fasa jinin mai wannan larura, jariri ya yi shawara.

Ka riƙa zana hanyoyin da hannu a farar takarda ba ka duba littafi ba, ka kuma je ofishin malami a lokutan da ya ware wa ɗalibai. A can ba a ɗaukar wannan a matsayin neman suna, kuma wannan malamin ne za ka iya roƙa wasiƙar shaida daga baya, tunda makarantu da yawa suna son wasiƙa daga malaman kimiyya.

Mataki na bakwai: cike fom, da abin yi in an faɗi

Ka kwafi sunan kwas da lambarsa daidai yadda suke a takardar sakamako. A AMCAS bayokemistiri yana ƙarƙashin kemistiri, kuma yana shiga lissafin makin kimiyya da ake kira BCPM, wanda masu tantancewa ke dubawa daban da makin gaba ɗaya. In ba ka gama kwas ɗin ba, ka shigar da shi a matsayin wanda kake ciki ko za ka yi, don makaranta ta ga kana sane da bashin. Kowace jami'a da ka taɓa ɗaukar kwas a cikinta, ko guda ɗaya ne, sai ta aiko da takardarta.

In ka ga alamar za ka faɗi, janyewa kafin wa'adi ya fi. Alamar W ta janyewa ba ta shiga lissafi, kuma guda ɗaya ba ta kashe takarda. In kuwa ka sami D ko C mai ragi, sai maimaici, amma ka sani tsohon makin ba ya goguwa. AMCAS tana lissafa duka biyun ko da jami'arka ta share na farko: D mai maki 1.0 da A mai 4.0 sun zama 2.5. AACOMAS a da tana ɗaukar na ƙarshe kaɗai, amma ta daina a 2017. Mai C cikakkiya bai buƙatar maimaici. Ya fi masa ya ɗauki kwas na gaba, kamar bayokemistiri na biyu ko bayolojin ƙwayar halitta, ya ci A, ya kuma nuna ƙarfi a MCAT.

Duk inda kake shakka, rubuta wa ofishin karɓar ɗalibai na makarantar, kuma ka yi haka kafin ka biya kuɗin kwas. Wasiƙar ta zama gajera: sunan jami'ar da za ka yi kwas ɗin, sunansa da lambarsa, sashen da ke koyarwa, yawan awanni da ko na zango ne ko na kwata, a aji ne ko ta intanet, darasin da ake buƙata kafin a shige shi, da shekarar da kake son fara karatu. Ka haɗa da manhajar, ka yi tambaya ɗaya: shin wannan ya cika sharaɗinku na bayokemistiri? Amsar waya ba hujja ba ce, domin ma'aikata suna canzawa. Ka adana amsar imel ɗin da manhajar a wuri ɗaya.

Idan an ba ka gurbi kana da bashin kwas, gurbin na sharaɗi ne. AMCAS ba ta sabunta maki bayan ka miƙa takardu, saboda haka da zarar sakamako ya fito ka sa jami'ar ta aika takardar ƙarshe kai tsaye zuwa makarantar da ta ɗauke ka, ka duba ranar da suka sa a matsayin wa'adi, ka kuma bi sawu har sai sun rubuto cewa ta iso.